Turakun Koos Suna Kan Takarda

Shekara talatin da ɗaya ina maƙwabtaka da Koos Verkaik, ban taɓa jin ya ce "ban sani ba" ko da wasa. Bayan gidana da bayan gidansa suna kallon juna, rafi ne kawai a tsakani, kuma a daidai wurinmu ruwan ya yi faɗi har agwagi ke yini a kai. Muryarsa dai ba ta neman gada kafin ta iso. Duk rayuwarsa labule ya sayar a wani kanti cikin garin Gouda, amma in ka zauna da shi minti biyar sai ka rantse shi ya gina rabin ƙasar nan. Wai kakansa da shebur ɗaya ya tare teku.

'Yarsa tilo, Marlies, ma'aikaciyar jinya ce. A gabana ta girma, a kicin ɗina ta koyi fere dankali, ni ce Anti Bep ɗinta tun bakinta bai iya faɗin sunan ba. Yanzu shekararta talatin da biyu, ita da mijinta Joeri suna cushe a ɗakin ƙuruciyarta a saman gidan iyayenta, ga ciki wata biyar. Sun nemi gidan haya har sun gaji. Duk ɗakin da aka ce ya fito, mutum tamanin ne a layi, gidajen rangwame na hukuma kuwa aka ce su jira shekara tara. Daga ƙarshe Joeri ya samo wani gida can bakin iyakar Jamus, tafiyar awa uku da rabi a jirgin ƙasa. Mai gidan ya ba su zuwa ƙarshen Agusta, su sa hannu ko su bar wa wani. Tun daga ranar nan Ria, matar Koos, take shanya wanki tana share hawaye da bakin zanin gado. Ni ma ba zan ɓoye ba, abin ya tsaya mini a rai.

Ana cikin haka majalisar garinmu ta yi sabuwar doka: duk mai fili a bayan gida yana iya gina ɗan ƙaramin gida ya ba da haya mai sauƙi, ba sai ya sha zaryar neman izini ba, zane kawai zai aika. Ni dai na ƙi dokar. Na je taron majalisa na ɗaga hannu na ce ban ga dalilin da baƙon da ban sani ba zai buɗe taga da safe ya ƙirga mini kamfai a igiya ba. Har takardar ƙorafi na sa wa hannu, sunana ne na biyu. Doka ta wuce ko waiwayena ba ta yi ba.

Washegari ina ba wakena ruwa sai ga Koos a lambunsa, tef ɗin awo a ƙugu, fensir a bayan kunne.

"Maƙwabciya! Goge tabarau ɗinki da kyau. Mako shida gida zai tsaya a nan. Jarida za ta ɗauki hoton wanda ya fara gamawa a garin nan, kansila da kansa zai yanke ƙyalle. Jamus ta haƙura, jikana a nan za a haife shi."

"Wa zai gina?"

"Wa kike gani?"

"Mai labule nake gani."

"Hassada ga mai rabo taki ce, Bep."

Ko yaron goye a yankinmu ya san ƙasar nan taɓo ce da ta yi lulluɓi da ciyawa. Duk abin da za ka gina sai ka buga turaku, dogaye, mita goma sha biyu ƙasa har su taɓa yashi, sannan ka ɗora ginin a kansu. Ni ma ina da guda takwas a ƙarƙashin kunyoyin wakena. Marigayi mijina Wim ya sa aka buga su zai gina ɗakin aikin kafinta, ciwo ya riga shi. Shekara goma sha tara Koos yana tsokanata da su: "Bep mai turaku ba gida!"

Wanda ya buga su shi ne Teun Boele, wani siririn tsoho da ƙarar gudumar inji ta cinye masa kunne ɗaya. Da ya ji labari ya hawo kekensa ya zo, ya tarar Koos yana jera tsofaffin katakon layin dogo a kan ciyawa, dab da bakin ruwa.

Teun ya ce, "Ina turakun?"

"Ga su nan. Takwas cif." Koos ya buɗe masa zanen da ya aika wa hukuma.

"Wannan takarda ce."

"Ai ita suka ce a kawo."

"Koos, injin ɗan ƙanena zai samu sarari nan da mako uku. Zan buga maka, ladana gahawa. Ko da haka za ka gama kafin ƙarshen Agusta."

"Mako uku? Kafin nan Hoogendoorn na bayan coci ya riga ni shiga jarida. Gidan katako ne fa, bai fi motata nauyi ba. Ka taɓa ganin motata ta nutse?"

"Motarka a kan kwalta take kwana."

"Ka ga Teun, ku mutanen da, guduma kawai kuka sani. Ni da lissafi nake aiki."

Teun ya ce da kunnen da ya mutu ya saurari wannan, ya hau kekensa. Yana fita ya juyo ya ce, "Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho."

Aka kawo gidan a kwalaye, bango-bango, da littafin yadda ake haɗawa. Koos ya sa littafin a ƙarƙashin ƙafar tebur don ya daina rawa. Farin soson nan na hana sanyi, irin wanda ake tallafe sabon firji da shi, ya yi kuskure ya yi odar ninki uku. Da Ria ta ce ya mayar, ya ce da gangan ya yi, ya cusa shi duka a ƙarƙashin daɓen gidan, kaurinsa har gwiwa. Ƙofa tana kallon lambunsu, ta bayan kuma ya ƙara wata baranda mai kallon ruwa, wato mai kallona. Gaskiya ɗaya zan faɗa, da aka yi fenti gidan ya yi kyau. Marlies ta dawo daga aiki ta shafa bango tana murmushi.

"Baba, an dai buga turaku ko?"

"Takwas, 'yata."

Ni da nake tsaye a tsallaken rafi na buɗe baki na rufe. A nan ba ma shiga sabgar maƙwabci sai an gayyace mu, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Mako na biyar Ria ta kawo masa abincin rana. Lemo ɗaya ya faɗo daga kwando a bakin ƙofa, ya kama hanya shi kaɗai, ya ratsa falo, ya fita baranda, ya faɗa rafi. Ria ta bi shi da kallo.

"Koos, gidan nan ya karkata."

"Lemon ne bai daidaita ba."

Da yamma na gan shi rub da ciki yana cusa jak ɗin motarsa a ƙarƙashin barandar. Ya yi ta juyawa, gida bai ɗaga ba, jak ne yake sauka. Kafin ya ankara ƙasa ta haɗiye shi har hannu. Ya aro na mahaucin layinsu, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ya aro na uku wurin limamin coci. Na leƙo ta saman wake na ce, "Koos, in turaku kake bugawa, saura biyar."

Bai kula ni ba, don wata dabara ta riga ta faɗo masa. Tunda gefen ruwa ne ke sauka, sai a danne gefen ƙofa. Washegari da sassafe ya turo injin wankin Ria, da buhun dankali huɗu, da duk tukwanen furanninta, ya jibge su a jikin bangon ƙofa. Dabara ta ci, gefen ƙofa ma ya sauka, ƙofar ta cije da shi a ciki. Tun ƙarfe tara nake jin ana dukan katako. Wajen sha ɗaya ya fito baranda yana gyaran murya.

"Maƙwabciya, in ba damuwa, buga wa Ria waya."

"Lafiya, injiniya?"

"Ƙarfin ƙofa nake gwadawa."

"To yaya?"

"Ɓarawo ba zai shiga ba."

"Mai gida ma ba zai fita ba."

Ria tana kasuwa. Ya gaji da jira ya bi ta tagar bayi, kai ya fita, kafaɗa ta fita, tumbi ya ce shi ba inda za shi. Haka ta dawo ta same shi rabi a waje rabi a ciki, yana gaya wa mai kawo wasiƙu cewa iskar wurin yake aunawa. Da sabulun wanke-wanke aka zaro shi. Ya fere ƙasan ƙofar har kyanwa ke shiga ba sai ta sunkuya ba, Ria kuma ta ce a mayar mata da injinta da furanninta yau-yau, ko shi ya koma kwana da dankalin. Da aka kwashe kaya, gida ya sake gaida ruwa, har ya fi da.

Saura kwana huɗu buɗewa sai ga shi ya zagayo ta gada, ya ƙwanƙwasa ƙofata da ɗan littafi a hannu.

"Bep, gayyata na kawo. Kilo nawa kike yanzu?"

"Me ka ce?"

"Don tsarin kujeru ne kawai."

"Kilo nawa ne tukunyar ƙarfen can in ta sauka a kan mutum?"

Ya soke sunana ya yi gaba. Daga baya na ji yadda aka yi gayyatar. Mahauci da matarsa suna sahun farko, sai manyan muryoyi uku na mawaƙan coci, sai wasu 'yan biyu masu noman tumatir da ko gaisawa ba ya yi da su. Teun bai kai kilo sittin ba, ba a gayyace shi ba. Na ce ya zo wurina, akwai kujera da kallo.

Ranar Asabar, ashirin da tara ga Agusta, rana ta fito bayan mako guda ana zuba ruwa. A al'adarmu ko bikin me ake yi, kujeru a da'ira ake jera su. Koos ya jera nasa a layi ɗaya jikin bangon ƙofa, baƙi suka zauna kamar masu jiran likita, kowa da kofin gahawa a cinya, an gargaɗe su kada wanda ya tashi. Da Kansila Stolwijk ya iso, wani ƙaton mutum mai cika ƙofa, Koos ya dube shi sama da ƙasa, fuskarsa ta washe.

"Yallaɓai, Allah ne ya kawo ka. Nan, nan, a kusurwa."

Mai ɗaukar hoton jarida ta ce rana na bayan gidan, hoto ba zai fito ba sai daga tsallaken rafi. Ta zagayo da kekenta, na buɗe mata ƙofa da hannu biyu. Ta tsaya tsakanina da Teun ta saita kyamara. Koos ya fito baranda shi kaɗai cikin kwat ɗin aurensa, hannu a ƙugu.

Ta ɗaga murya. "Malam, gidan kamar ba kowa! Ina mutane? Ina kansila?"

"Ni ban isa ba?"

"Ka isa shafi na tara. Shafin farko sai da jama'a."

Na ga maganar ta shige shi. Ya dubi ruwa, ya dubi kyamara. Teun ya ajiye kofinsa a ƙasa a hankali.

"Jama'a! Kowa ya fito baranda!"

Muka ji muryar mahauci daga ciki. "Kai ka ce kada mu tashi."

"Yanzu kuma ni na ce ku tashi! Yallaɓai, taho da almakashin."

Mutum takwas, kowanne an zaɓo shi ne don nauyinsa, suka fito suka jeru suna murmushi. Mai hoto ta ce, "Ku matso gaba kaɗan." Suka matso.

Da farko wani kuka muka ji daga ƙarƙashin gidan, irin na tsohuwar ƙofa. Sannan gidan ya sunkuya, ya fara sulalowa a kan jiƙaƙƙen katakon layin dogo, ba gaggawa, ba hayaniya, kamar saniya za ta shiga ruwa. Doguwar wayar lantarkin da Koos ya jawo daga kicin ta miƙe ta zare, kiɗa ya tsaya. Agwagi suka tashi. Matar mahauci ta ƙwalla ƙara, baƙi suka ruga ciki da gudu, gida ya yi tangal-tangal, ya watsa mana ruwa har kan takalmi. Sai ya tsaya cak a tsakiyar rafi, soson nan ninki uku ya riƙe shi.

Teun ya rufe ido ɗaya ya auna shi da babban yatsa. "Yau ne karo na farko da na ga gidan nan a daidai."

Kansila ya leƙo ta taga, almakashi har yanzu a hannunsa. "Malam Verkaik! Ina turakun da ke cikin zanenka?"

Koos yana rungume da ginshiƙin baranda, kwat ta jiƙe har ƙirji, amma bakin bai jiƙe ba. "Yallaɓai, sabon salo ne. Kullum kuna cewa teku na ƙaruwa. Ni na hango gaba. Gida mai iyo!"

"Dokarmu ta gidan bayan gida ce. Wannan ya bar bayan gida."

"Bai yi nisa ba."

"Gidan kan ruwa izininsa daban, layinsa kuma shekara goma sha ɗaya."

Ɗaya daga cikin mawaƙan ya tambaya wa ke tuƙi. Mahauci ya ce tunda an ɗaga gidan, a duba masa jak ɗinsa. Mutanen layi biyu suka cika bakin rafi da kekunansu, Hoogendoorn na bayan coci yana gaba da wayarsa a sama. Iska ta turo gidan sannu a hankali har ya zo ya dungure bakin lambuna, daidai kunyoyin wake. Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo, kuma ban yi nadama ba.

Dariyar ta tsaya ne da na hango Marlies a wancan gefen. Yanzu ta sauko daga aiki, da rigar asibiti a jikinta, hannu ɗaya a kan ciki, tana tsaye a gaban shatin taɓon da gidan ya bari. Ria na kusa da ita da farantin kek ɗin tuffa da ta je ɗaukowa. Babu turke ko ɗaya a wurin, sai hannun jak ɗin limami da ya leƙo.

Ba ta yi ihu ba. Ruwa yana kai murya, duk muka ji ta.

"Baba, ka ce mini takwas."

Koos ya ƙara rungumar ginshiƙin baranda.

"Saura kwana biyu. A ina zan sa gadon yaron nan?"

Ya buɗe baki, muka jira dabara. Sai ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ban sani ba, 'yata."

Shekara talatin da ɗaya nake jiran in ji wannan kalma daga bakinsa, da ta zo kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Marlies ta ciro waya. "Joeri, kira mutumin. Ka ce za mu sa hannu." Ria ta ajiye farantin a kan ciyawa ta rufe fuska.

Na dubi wakena da ya kusa isa tsinka. Na dubi igiyar shanyata.

"Marlies! Ajiye wayar nan!" Na juya ga Teun, ta gefen kunnen mai rai. "Turakun Wim suna nan da ƙarfinsu?"

"Ni na buga su. Sai sun binne mu duka."

"Za su ɗauki wannan?"

"Har da mahaucin."

Kansila ya ƙura mini ido daga taga. "Baiwar Allah, ba ke ce ta biyu a takardar ƙorafi ba?"

"Ni ce. Baƙo na ce ba na so. Wannan kuwa ni na cire mata haƙorin farko. Litinin zan aiko da zane, kuma ni turakuna a ƙasa suke, kana iya zuwa da shebur."

Marlies ta tsaya da waya a kunne tana kallona, sai ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Kafin ta yi magana Koos ya riga ya farfaɗo. Ya saki ginshiƙi ya gyara kwat.

"Kun gani? Abin da na shirya ke nan tun farko. Kai kaya ta ruwa ya fi sauƙi, kakana ma..."

"Koos," na ce, "ga sharaɗi. Gida ya zama na Marlies. Kai kuma ko ƙusa ɗaya ka taɓa a lambuna, sai na sa Teun ya buga ka ka zama na tara."

"Labule fa?"

"Labule kaɗai."

Hoton ya fito a shafin farko kamar yadda ya so. Mako biyu bayan haka motar ƙugiya ta ɗaga gidan ta ɗora shi a kan turakun Wim, wakena ya tafi, igiyar shanya ta koma gefen gida. Labulen kuwa, in za a faɗi gaskiya, babu irinsu a garin nan.

Ƙarshen Oktoba aka haifi yaro namiji. Koos ya riga ya gaya wa kowa sunansa za a sa. Aka sa masa Wim. Ria tana da makullin ƙofar lambuna, tana shigowa duk sa'ad da ta ga dama. Koos kuwa sai ya zagayo ta gada, ya nemi rana a littafin alƙawurana kamar kowane baƙo, in ba shi gahawa da biskit ɗaya in rufe gwangwani.

Zuwansa na farko na bar shi a falon Marlies na je ɗauko madara. Da na dawo na hango shi ta taga. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ɗauki lemo daga kwando ya ajiye a tsakiyar daɓe. Lemo ya zauna. Ya jira. Ya ɗan taɓa shi da bakin takalmi, ya mirgina taku ɗaya ya sake zama. Na bar shi ya jira sosai kafin na tura ƙofa.

"Koos, in ka gama da lemon, ga jikanka can ya farka."